Kajin da Muka Ci a Gidan Fasto

Ku samarin da muke aiki tare a wannan kicin na unguwar Harra ta Gabas a Madina, ina jin abin da kuke faɗa in na juya baya. Da Larabci kuke faɗa, kuna tsammanin tsoho ba ya ji. Wai aikin kuku sahal ne, ba wuya: ka farke buhun shinkafa, ka murɗa gas, ka zuba a kwali, mota ta kai wa alhazai a miƙatin Bi'ir Ali, halas. Ban ga laifinku ba. Alhajin da ya wuni a mota yana shirin ɗaura harami, ko me ka zuba masa zai ce alhamdulillahi ya wuce, ba kuma za ka sake ganinsa ba. Girki na gaskiya shi ne ka ciyar da gida ɗaya shekara da shekaru, da akwai da babu. Gidan da na ciyar haka na wani fasto ne Bature, kuma a wata ƙasa da ake kira Haiti na gama sanin aikin.

Wankin ganyen salak aka fara ba ni. A Tasawa ne, garinmu a Nijar, a gidan 'yan mishan. Maigidana a sana'a shi ne Baba Audu Kuku, tsohon da ya dafa wa Turawan mulki tun ban zo duniya ba. Ya miƙo mini kwano da wani magani mai rina ruwa, ya ce kowane ganye sai ya yi wanka a ciki, domin cikin Bature ba ya yafe kuskure. Ruwan sha a tafasa shi, a tace shi, sannan a ci gaba da zarginsa. Na daɗe ina wanke-wanke kafin ya yarda in taɓa wuƙarsa. Murhunmu na ƙarfe ne mai cin itace, da tandar burodi a cikinsa, babu wani ma'aunin zafi. Hannu kake zurawa, fatarka ta gaya maka. Firij ɗinmu da kananzir yake aiki, in lagwaninsa ya ɗan karkace sai ya yi fushi ya dumama maka nama. Da Baba Audu ya tsufa ya koma ƙauye, wuƙar da murhun da firij mai fushin duk suka dawo hannuna.

Maigidan sunansa Fasto Wilba, amma duk Tasawa Fasto Dogo ake ce masa. Matarsa Madam kawai muke kiranta. 'Yarsu ɗaya ce, Rut, a Tasawa aka haife ta, a ƙofar kicin ta yi rarrafe, ta iya tuwo kafin ta iya cokali. Fasto ya koyi Hausa a littafi, harshensa bai taɓa raba ka da ƙa ba. In za a yi baƙi sai ya leƙo ya ce, "Hamidu, gobe baki suna zuwa." Ban taɓa gyara masa ba, don a wurin kuku maganarsa daidai ce.

Kowace safiya yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi mini wa'azi gwargwadon dahuwar ƙwansa. Ina sauke ƙwai, wa'azi ya ƙare. Ranar da nake da aiki da yawa, ruwa-ruwa yake cin ƙwan. Mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya ƙwange, amma bayan duk shekarun da ya yi a Tasawa mabiyansa ba su cika benci biyu ba. Shi ya sa manyansa na Amurka suka ce ya kwashe ya koma Haiti, inda suka ji ƙasa ta fi laushi. Madam ta ce ƙafarta ba ta taka jirgi sai da ni, domin ta taɓa gwada yi wa mijinta girki sati guda, aka kwantar da shi. Na gindaya sharuɗɗana: ba na dafa alade, ni zan yanka duk abin da zan dafa, in lokacin salla ya yi ko miya na ƙonewa sai dai ta ƙone. Fasto ya amince da sauri. Ina jin ya lissafa cewa in ya raba ni da liman da ladan, sauran aikin mai sauƙi ne.

Cefanen farko da na yi a can ba na manta shi. Ƙauyen yana kan duwatsu a kudancin ƙasar, ko'ina kore, ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, kana hango teku can ƙasa. Na shiga kasuwa na ga mutane baƙaƙe kamar 'yan garinmu, mata da kaya a ka, ana ciniki ana rantse-rantse. Na ce to na zo gida. Sai na ji yara suna bina suna "Blan! Blan!" Na waiga ina neman Baturen, ashe ni ne. A wurinsu duk baƙo blan ne, ko ya fi gawayi baƙi. Harshensu Kireyol, kamar Faransanci ne da aka daka a turmi. Ɗan Faransancin Nijar da nake da shi ya taimake ni, ban daɗe ba na fara zagin mai tsada da harshensa.

Aikin da ya fi cin rai shi ne na masu ziyara. Kowane hutu sai a turo mana ayarin samari da 'yan mata daga cocin Amurka, sun zo taimakon talakawa. Babu mai sana'a a cikinsu, don haka Fasto yakan ba su fenti su shafa wa bangon coci. Wannan ayari ya shafa fari, na bayansa ya shafa shuɗi, bangon nan sai da ya yi ƙiba. Su ɗauki yaran ƙauye su yi hoto, su yi kuka, sannan su zo tebur su nemi abincin gidansu. Wanda ya sha ruwan rafi a ɓoye don ya nuna shi ma ɗan ƙasa ne, in cikinsa ya ɓaci, kuku ake kallo. Suna kuma zuwa da gangunan sadaka cike da rigunan ƙanƙara masu kauri na ƙasar sanyi, a ƙasar da kaza ma haki take yi. Da su nake sauke tukunya.

A ƙauyen akwai wata tsohuwa ungozoma, Gran Sese, ita ke kawo mini gawayi da ganye. Ranar Lahadi tana bencin gaba a coci, muryarta ta fi ta kowa. Sauran kwanaki kuwa tana da wasu da take yi wa hidima da ganga da kyandir, wani abu mai kama da borin ƙasarmu. Rabin cocin haka suke, kuma babban aikin Fasto shi ne raba su da wannan. Wata rana na kai mata saƙon Madam, na tarar tana kirɓa wani ɗan itace mai girman kan mutum a turmi, ya yi sumul kamar sakwara. Tomtom suke ce masa, da miyar kuɓewa ake ci. Ta zuba mini don ladabi. Na wanke hannu, na gutsura, na dangwala, na haɗiye.

Ta ajiye taɓarya. "Wa ya koya maka haɗiyewa ba tauna?"

Na ce, "Gran, a garinmu ko yaron goye ba ya tauna tuwo."

Ta matso ta shafa tsagen da ke fuskata. "Ina ne garinku?"

"Nijar, a Afirka."

Ta ɗora hannu a ka ta kira maƙwabta. "Ginen! Ku zo ku ga mutumin Ginen!"

Ginen a wurinsu ita ce ƙasar kakanni a hayin teku, inda aka kwaso su, inda kuma suke cewa rayukan matattu ke komawa. Na yi ta bayanin cewa Gini daban, Nijar daban, ba wanda ya saurara. Daga ranar yara suka daina ce mini blan. Maza suna ɗaga mini hula a kasuwa. In na shimfiɗa buzu ina salla sai a taru a bayan shinge a yi tsit. Ranar Lahadi coci ta fara cika, musamman ɓangaren tagar da ke kallon kicin, Fasto kuwa ya yi ta godiya ga Ubangiji.

Sai muguwar shekara ta zo. Sojoji suka kori shugaban ƙasa, duniya ta sa wa ƙasar takunkumi. Jiragen ruwa suka daina zuwa. Babu fetur, babu fulawa, babu kananzir, firij ya mutu gaba ɗaya na mai da shi kabad. Masu fenti suka ɗauke ƙafa. Manyan Fasto suka kira shi ta rediyon oba-oba suka ce ya fito da iyalinsa. Ya ce ba ya barin mutanensa a cikin wahala. Wannan na shaide shi a kai ko a gaban wa. Madam kuma ta buɗe sito ta ce a riƙa ɗora babbar tukunya da rana saboda yaran makarantar mishan. Na gaya mata abin da ke sito ba zai kai mu ko'ina ba, ta ce in dafa. Na dafa har na share ƙasan buhu na ƙarshe.

Mutanen ƙauye ba su da kuɗi, amma suna da gona. Suka fara kawo wa Fasto doya, ayaba, wani da kaza a hammata. Ya tsaya a baranda ya mayar da kowa. "Mun zo mu bayar ne," in ji shi, "ba mu zo mu cire loma daga bakin matalauta ba." Ya faɗa da hawaye a idonsa, su kuma suka koma da kayansu kansu a sunkuye. Muka koma ɗanyar ayaba dafaffiya da gishiri, safe da rana da yamma. Fasto ya fara ɗaure wando da igiya. Rut, wadda a lokacin ta kai shekarun shiga makaranta, wuyanta ya zama kamar na zabuwa. Tukunyar yara ta koma ruwan zafi mai ɗan ƙamshi.

Wata safiya na fito alwala, sai ga farin zakara a ɗaure a ƙofar kicin, kusa da butata. An ɗaura masa jan zare a ƙafa, an kafa guntun kyandir, an yi wani zane da toka a ƙasa. Na san ko mene ne. Na tsaya na yi tunani irin na kuku. Ban roƙa ba, ban ce ni wani ne ba, zakara kuma ba shi da addini sai wanda aka yanka shi da shi. Na share zanen da ƙafa, na fuskantar da shi alƙibla, na yi bisimilla.

Ku da kuke zubar da rabin tire a shara, ku ji yadda ake da kaza ɗaya. Cinya da ƙirji na tebur. Wuya da ƙafafu da kai da ƙashi su shiga tukunyar yara tare da ganye da doya. Kitsen a soye shi a adana, shi ne man gobe. Ruwan da aka wanke tukunya ma ba a zubarwa sai an tambaye ni. Da na kai tebur Fasto ya rufe ido ya yi doguwar addu'a, ya ce Ubangiji ya tuna da bayinsa. Sannan ya tambaya, "Hamidu, daga ina?"

Na ce, "An kawo, Maigida."

Ya ɗauka musaya na yi da rigunan ƙanƙara. Madam ta dube ni, ta dubi Rut tana tsotsar ƙashi, ta ci gaba da cin abincinta. Mace ce mai hankali, ba ta yin tambayar da amsarta za ta hana 'yarta cin abinci.

Haka muka zauna. Kullum da safe akwai abu a ƙofa: ƙwai a ƙwarya, rogo, kabewa, wani lokaci kaza, kowanne da kyandirinsa. Masu bori su kawo, Musulmi ya yanka, fasto ya sa albarka. Kyandiran ma ban yar ba, da su Fasto yake karatun littafinsa. Rut ta murmure, tukunyar yara ta yi kauri.

Wanda ya tona mu shi ne Fire Jozuwe, dattijon coci, siririn mutum da ba ya rabuwa da laktaye ko a gona. Ya daɗe yana jin haushin hular da ake ɗaga mini. Ya shigo ana tsakiyar cin abincin rana, riƙe da fararen gashin kaza da jan zare da ya tsinto a bayan kicin, ya zube su a tebur.

"Fasto, ka san abin da kake ci?"

Fasto na riƙe da cinya. "Kaza ce, ɗan'uwa. Bismilla, zauna." Wannan kalmar a Tasawa ya ɗauko ta, bai taɓa iya yar da ita ba.

"Hadaya ce! Abin da aka kawo wa mutumin Ginen ne. Watanni ke nan gidan mishan yana cin abincin aljanu."

Fasto ya ajiye cinyar a hankali kamar za ta fashe. Ya juyo gare ni da Hausa. "Hamidu, gaskiya ne?"

Na ce, "Maigida, ka tambaye ni daga ina, na ce an kawo. Ba ka tambaye ni da kyandir ko babu ba."

Ya hana. Muka koma ayaba da gishiri. Amma masu kawowa ba su daina ba, ni kuma ban san masu su ba balle in mayar. Kaji suka taru a tsakar gida, zakaru suna cara a kan addu'ar safe, mu muna kallonsu da yunwa, su suna kallonmu da ƙiba. Tukunyar yara ta sake tsinkewa. Madam ta daina yi wa mijinta magana sai ta bakin Rut.

Ranar Asabar ya kira ni. "Gobe za ka tsaya gaban jama'a ka gaya musu kai ba kowa ba ne."

Na ce wannan ai ba ƙarya ba ce, zan faɗa. Haka Fasto ya samu abin da ya daɗe yana nema, na shiga coci. Ta cika har waje. Na tsaya da hulata da carbina na ce da Kireyol, "Jama'a, ni Hamidu ne, kuku. Musulmi ne ni, Allah ɗaya nake bauta wa. Ba na warkarwa, ba na magana da matattu, ba ni da komai sai wuƙa da ludayi. Ku daina kawo mini kaji."

Wani daga baya ya ce, "Haka na gaskiyan suke faɗa!"

Fasto ya buɗe baki zai fara, sai Gran Sese ta miƙe daga bencin gaba ta ɗaga masa hannu.

"Fasto, ɗana, dakata. Mun san kuku ne. Da farko mun ɗauka wani abu ne, har ranar da ya ƙona wake duk ƙauye ya ji ƙauri. Wanda yake magana da kakanni ba ya ƙona wake."

Aka fashe da dariya. Sau ɗaya na taɓa ƙona waken nan, kuma salla ce ta riƙe ni.

Ta ci gaba. "Mun kawo maka abinci da rana, a gaban kowa, ka mayar da mu kamar mun kawo ƙazanta. Ka ci gaba da ciyar da 'ya'yanmu, taka 'yar tana bushewa a gabanmu. Ni na karɓi haihuwar rabin mutanen da ke ɗakin nan, na san wuyan yaron da ke shirin tafiya. Muka zauna muka ce, wannan blan ya iya bayarwa, bai iya karɓa ba. Amma kukunsa mutumin Afirka ne, ya san ba a mayar da ƙwarya. Kyandir kuwa mun sa ne don kada ya san gidan da zai mayar, kuma kada wani ɓarawo ya taɓa."

Fire Jozuwe ya yi tsalle. "Ƙarya ne! Zakaran nan na hadaya ne, na gane shi da idona!"

"Dole ka gane shi," in ji Gran Sese. "Naka ne. Matarka ce ta ɗaure shi."

Matar tana ɓangaren mata, ta gyaɗa kai ba ko kunya. Sai da aka daɗe kafin coci ta lafa.

Fasto ya tsaya yana kallon littafinsa, kunnuwansa sun yi ja. Sannan ya rufe shi ya ce, "Na gode. Ku yafe mini." Ban taɓa jin wa'azinsa da ya kai wannan gajarta ba, kuma shi kaɗai ne mutanen ƙauyen suka riƙa maimaitawa.

Da aka tashi bai koma gida ba. Ya karɓi kwano a hannuna, ya kama hannun Rut, Madam na biye, suka hau dutse zuwa gidan Gran Sese. Ya sunkuya ya shiga, ya zauna a kututture, gwiwoyinsa har kunne. Ta zuba masa tomtom. Ya gutsura ya fara tauna, kuɓewa na zarya a gemunsa.

"Haɗiye!" in ji ta. "Ba nama ba ne."

Ya haɗiye, idonsa ya kawo ruwa, ya miƙa kwano a ƙara. A yammacin nan na yanka kaji uku, biyu na tukunyar yara. Daga ranar a baranda ake ajiye kaya, Fasto da kansa yake karɓa da hannu biyu. Wasu tsofaffi dai ba su daina ɗaga mini hula ba, wai ba a sani ba. Haka muka ci har aka buɗe teku, masu fenti suka dawo da wani sabon launi.

Bayan wasu shekaru gwiwoyin Fasto suka gaza hawan dutse, aka yi masa ritaya. Ya kira ni baranda, shi da Madam, ya ce in faɗi abin da nake so na sallama: ko gida a Tasawa, ko injin niƙa. Na ce ina son in sauke farali. Ya tambaya ko mene ne, na ce Makka. Ya dubi Madam. Madam ta ce, "Kai ka ce ya faɗa." Da wannan kujerar na zo aikin hajji, na ziyarci Madina, wani ɗan asalin Tasawa haifaffen nan ya ɗanɗana miyata, daga baya ya tsaya mini kafili ya yi mini iƙama, takardar zama. Ga ni tare da ku.

A filin jirgi muka rabu, su za su arewa, ni za ni gabas. Rut ta girma, ta rungume jakata tana kuka da Hausa. Fasto ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Hamidu," in ji shi, "shekara da shekaru ina roƙon Ubangiji ya nuna maka hanya."

Na ce, "To ai an amsa, Maigida. Kai ne ma ka sayi tikitin."